Kawu da Baƙin Gilashi

Kawuna ya rasu ranar Talata bayan la'asar, a gidansa da ke Omdurman, kwance a kan gadon igiya a inuwar darbejiyar tsakar gida. Kafin rana ta faɗi mun kai shi makwancinsa. Dukanmu na Allah ne, kuma wurinSa za a koma, Kawu riga mu ya yi kawai.

Washegari aka kafa sewan a ƙofar gida, wato rumfar da muke zaman makoki a cikinta. Mahaifiyata, wadda take ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ba ta yi kuka ba a ranar farko. Sai a rana ta biyu ta ce a kawo mata rigar aikinsa da ke rataye a bayan ƙofa. Ta riƙe ta a cinya tana shinshina warin baƙin mai.

"Tun muna yara da wannan warin nake gane Yaya ya dawo gida," in ji ta. Daga nan ne hawaye suka zo mata.

Kafin hantsi layin gidan ya cika da tsofaffin motoci, kowacce an wanke ta fes. Abokansa ne na zaman hirar mota da suke yi duk Juma'a. Babu wanda ya shirya hakan, kowa a ransa ya ga bai dace ya zo wa Usta da mota mai datti ba. Usta shi ne sunan da kowa yake kiransa da shi, kamar yadda ake kiran duk wani babban makaniki a nan. Wani tsohon direban babbar mota ya ɗaga hannu muka yi Fatiha, ya zauna, sannan ya dube ni ya ce, "To yanzu wa zai saurara mana inji?"

Ɗalibai ma sun zo, 'yan Najeriya da 'yan Nijar masu karatu a Khartoum. Ɗaya daga cikinsu ya ba ni labarin ranar da ya fara sauka a tashar motar Suk al-Shabi da akwatinsa, Larabcin littafi kawai ya iya, kowa ya tambaya sai a yi masa dariya. Wani dattijo ya ji yana gunaguni da Hausa, ya ce masa ya shigo mota, ya kai shi har ƙofar makaranta. Ashe Kawu ne. Maƙwabcin Kawu kuwa, wanda suka shekara da shekaru suna jayayya a kan ajiye mota a bakin katanga, cewa ya yi, "Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai taurin kai. Amma ban taɓa kama shi da ƙarya ba."

Mu a nan Hausa a baki take, ba mu saba rubuta ta ba. Jikokin Kawu idan ka yi musu magana da ita, da Larabci suke amsawa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan da harshen da ya yi mini faɗa da shi, kafin abin da na sani game da shi ya bi ni kabari.

A Jazira aka haife shi, a kambo, unguwar 'yan ƙwadagon gonakin auduga. Iyayensu tsintar auduga suke yi. Shi kuwa tun yana saurayi hankalinsa yana kan tarakta da manyan motocin da ke zuwa kwasar kaya. Daga wanke su ya koyi kwance su. Da ya taso babban birni ya buɗe warsha, wato garejin gyara, a unguwar masana'antu ta Bahri, kullum yana tsallaka gadar Shambat safe da yamma.

Da kunne yake aiki. Ka kawo masa mota kana ta bayani, ba ya sauraronka. Sai ya ce, "Kashe. Sake tayarwa in ji." Ya ɗora bakin dogon sukudireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. In ya buɗe ido ya riga ya san ciwon.

Motarsa tsohuwar tasi ce ƙirar Ingila da ya saya a mace, kaji suna ƙwai a cikinta. Ya tashe ta da hannunsa. Ya cire injin fetur ya sa na gas a shekarun da layin mai yake kaiwa inda ido ba ya gani. Ya sa mata babban lagireto saboda zafin garin nan, ya ƙara mata ƙarfen ƙafa, ya mayar da fentinta daga rawaya zuwa ruwan toka. Kowane canji ya yi, sai ya je ofishin 'yan haraka, wato 'yan sandan hanya, an rubuta masa a takarda. Lambar injin nan kaɗai watanni ya yi yana zarya a kanta. Abokansa suna yi masa dariya, shi kuwa takardunsa suna cikin wani gwangwanin alewa a ƙarƙashin kujera, a naɗe da leda. Ba ya ɗaukar makulli sai ya buɗe gwangwanin ya duba.

Ran Juma'a da yamma masu son mota suna haɗuwa a bakin kogi ta gefen Omdurman. A buɗe bakin motoci, mai shayi ta kawo kujeru, a yi ta musu a kan salansa da tayoyi har a kira magariba. Ni a nan na kamu da ciwon mota. Da sojoji suka karɓi mulki zaman ya ragu, don duk taron da ya wuce mutum biyar ido ake sa masa. Kawu bai fasa zuwa ba ko da su uku ne.

Shingayen bincike kuwa sun yi yawa, musamman a bakin gadoji. Kawu yana da tsarinsa. Tun daga nesa zai rage gudu, ya sauke gilashi, ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari, kuma shi yake fara sallama. Yawancin mutanenmu idan sun kusa shinge sai su bar Hausa su koma Larabci, don kada a ce musu baƙi a fara tambayar takardar zama ɗan ƙasa. Kawu ba ya canzawa. Wata rana ina gefensa yana ba ni labari da Hausa, wani saje dogo mai tabo a goshi ya leƙo.

"Wane yare ne wannan? Ina jinsiyarka, takardar ɗan ƙasa?"

Kawu ya buɗe gwangwani ya miƙa masa takardar. "Ga ta, janabu. A Jazira aka binne cibiyata. Rigar da ke jikinka ma wataƙila uwata ce ta tsinci audugarta."

Saje bai ji daɗin maganar ba. Ya zagaya motar yana neman laifi. Lambar inji daidai, launi daidai. Sai idonsa ya faɗa kan wasu ƙananan fitilu biyu da Kawu ya ɗaura a gaba saboda ramukan hanyar Soba. Su kaɗai ne ba a rubuta ba. Ya aika aka kawo filaya, ya tsinke wayoyin, ya kwance fitilun a gaban jama'a ya jefa su cikin motarsu. Kawu yana tsaye yana kallo. Da muka wuce na fara zage-zage, ya ce, "Yi shiru. Wannan kam laifina ne, ban rubuta su ba."

Bayan 'yan makonni muna dawowa daga Soba da tsakar rana, muka ga wata tsohuwar boksi, irin a-kori-kura ɗin nan, a gefen titi tana tururi. Wani mutum cikin jallabiya yana fifita wa wata tsohuwa da ke zaune a gaba da kwali. Ni na fara ganin tabon goshin.

"Kawu, shi ne fa. Mu wuce."

"Na gan shi. Ka ga tsohuwar?"

Ya tsaya. Bel ɗin fanka ne ya tsinke. Kawu ya ɗauko wani a but ɗinsa ya ɗaura, ya ba tsohuwar ruwan gorarsa. Ana cikin aikin ne saje ya gane shi, na ga yadda ya kawar da fuska. Bai ba da haƙuri ba, fitilun ma ba su taɓa dawowa ba. Amma daga ranar in ya tare mu a gada sai ya ce, "Usta, an tashi lafiya?" kafin ya karɓi takardu.

Yanzu zan faɗi abin da ya shiga tsakanina da Kawu, don in na ɓoye shi rubutun nan bai cika ba.

Kawu yana da babban ɗa, taubashina, ya girme ni da shekara uku. Shi ne aka sa ran zai gaji warshar, hannunsa ya kusa kamo na ubansa. Yana kuma zuwa taron ƙungiyar ma'aikata. A farkon mulkin nan, wata rana ana shirin karin kumallo, wata mota mai baƙin gilashi, ba lamba gaba da baya, ta tsaya a ƙofar warsha. Mutum biyu suka fito suka ce ya zo minti biyar. Ya shiga da sufana a aljihunsa. Wata bakwai ba mu san inda yake ba. Kawu ya bi ofisoshi har takalminsa ya mutu, kowa ya ce ba ya wurinsu. Da suka sako shi, kunne ɗaya ya daina ji, hannuwansa suna rawa, ba ya iya ɗaura ko noti. Bai taɓa gaya wa kowa abin da aka yi masa ba. Ya koma zama a kan benci a ƙofar gida daga safe zuwa yamma.

Shekaru suka wuce. Na yi aure, na sayi motata ta farko, na sa mata faffaɗan tayoyi da salansa mai ƙara. Saboda haka kusan kullum sai an tare ni a gada. Yau a ce ƙarar ta yi yawa, gobe a ce tayoyin sun fito, jibi a nemi takardar aikin soja na dole. Sau biyu na kusa rasa aikina saboda makara. Wani abokina ya ce mini maganin abu ne mai sauƙi: in manna baƙar leda a gilasai, in cire lambar gaba, in daina rage gudu. Za su ɗauka ɗan Amni ne, wato jami'in tsaron gwamnati, ba wanda zai ɗaga mini hannu.

Na yi, kuma ya yi aiki. Ranar farko wani ɗan sanda har sara mini ya yi. Na yi ta dariya ni kaɗai a cikin mota. Wallahi ban tuna da taubashina ba ko sau ɗaya. Ran Juma'a na ce bari in je in nuna wa Kawu sabon aikin.

Ina shigowa layin na ga mata biyu sun shige gida da sauri sun ja ƙofa. Na tsaya daidai ƙofar Kawu. Taubashina yana kan bencinsa. Ya miƙe, ya yi baya, ƙafarsa ta harɗe da bencin ya faɗi. Bai tashi ba. Da rarrafe ya shige zaure yana kare kansa da hannu, yana cewa da Larabci, "Na faɗa muku komai, na faɗa muku komai." Matar Kawu ta fito tana salati, ta tsaya a bakin ƙofa ta buɗe hannuwanta ta tare hanya. Sai da na buɗe mota na fito sannan ta gane ni.

Kawu ya fito daga ciki da alwala a jikinsa. Ya dubi motar, ya dube ni. Ya koma ciki ya dawo da reza da kwanon ruwan sabulu, ya ajiye a kan motar.

"Kankare. Da hannunka."

Kunya ce ta kama ni, amma sai ta fito a matsayin fushi. Na ce, "Kawu, kai ba ka san abin da nake sha a gadar nan ba. Kullum ni ake tarewa. Yanzu ba mai taɓa ni."

"Na sani. Me ya sa ba sa taɓa ka?"

Na kawar da kai ina kallon motar.

"Tsoronka suke ji. Leƙa zaure ka ga abin da ka aro." Muryarsa ba ta ɗaga ba. "Shekara arba'in ina canza wa mota abubuwa. Na canza inji, na canza ƙafa, na canza launi. Ban taɓa sa wa mota abin da zai sa mace ta ja ƙofarta ba. Ɗan ƙanwata, ko ka kankare, ko kada motar nan ta sake shigo mini layi."

Na shiga mota na tafi, na bar rezar ta faɗi a ƙasa. Na daina zuwa gidansa, na daina zuwa bakin kogi. Mahaifiyata ta yi magana har ta gaji. Da salla ta zo na aika matata ta gaishe su, ni ban je ba.

Wajen wata biyar ina haka. Wata safiya a bakin gada wata mota irin tawa ta sha gabana. 'Yan Amni na ainihi ne a cikinta. Ɗaya ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce, "Kai na wane ofishi ne?" Suka fito da ni daga motar. Suka rufe mini ido da rawanina. Kwana tara na yi a wani ɗaki da ban san inda yake ba. Abin da na gani bai kai ko kusa da na taubashina ba, amma ya ishe ni in gane dalilin da ya sa ba ya magana.

Daga baya na ji yadda aka yi. Matata ta ruga wurin Kawu. Bai ce "ai na gaya masa" ba, takalmi kawai ya sa. Ya rufe warsha ya sake bin ofisoshin da ya bi a da, ƙofa bayan ƙofa, yanzu kuma ga tsufa ga ciwon suga. A rana ta huɗu sajen nan ya tare shi a gada kamar kullum, ya karɓi takardu yana dubawa, ba tare da ya ɗago kai ba ya faɗa masa unguwar da ya ga an ja motata aka nufa. Kawu ya je ya zauna a ƙofar wurin. Suka kore shi, ya dawo. Kwana biyar yana zuwa tun safe da gorar ruwansa, duk wanda ya fito ya ce masa, "Ɗana ne, wawa ne, ba ɗan siyasa ba ne. Mota kawai yake so." A ƙarshe suka sa shi ya sa hannu cewa ya tsaya mini, suka sako ni.

Da na fito yana zaune a cikin motarsa a tsallaken titi. Na shiga na zauna. Ina jiran faɗa. Ya tayar da mota ya ce, "Ka ci abinci?"

Motata ta dawo bayan wata guda, ba batir, ba tayar ajiya. A warsharsa na kankare ledar. Yini guda na yi, don gam ɗin ya kama gilashi. Yana zaune yana shan shayi, sau ɗaya kawai ya yi magana, ya ce in riƙa kwantar da rezar kada in karce gilashin. Bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya. Sajen nan kuma, ya tsufa ya bar aiki, ya zo gaisuwar rasuwar Kawu rana ta biyu. Ya yi Fatiha, ya sha shayi, ya tafi, yawancin mutane ba su san ko wane ne ba.

A shekararsa ta ƙarshe suga ya cinye wa Kawu ido, ya daina tuƙi. Ni nake kai shi asibiti a Soba a cikin motarsa. Ba ya gani, amma in na makara wajen canza giya sai ya yi tsaki. Mako guda kafin rasuwarsa na zauna a bakin gadonsa na ce, "Kawu, ka yafe mini abin da na yi ranar nan."

Ya lalubo hannuna. "Ni tun a ƙofar wurin can na yafe. Amma ba ni ba ne na faɗi a kan benci."

Sai a lokacin na lura cewa duk shekarun nan ina gaisawa da taubashina, ina kawo masa tsaraba, amma ban taɓa buɗe baki na roƙe shi ba. Shi kuma tun ranar bai sake shiga motar da nake tuƙawa ba. Ko ranar jana'iza da ƙafa ya bi gawar ubansa ya dawo da ƙafa.

Da aka kwance sewan rana ta uku, na same shi a bencinsa. Na zauna ta gefen kunnen da yake ji. Na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun tuni, ban rage komai ba. Ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Na san kai ne tun da ka buɗe ƙofa," in ji shi. "Jikina ne bai sani ba."

Can ya ce, "Ina so in je wurin Baba gobe. Ƙafata ta kumbura."

"In kai ka?"

"A motarsa. Kuma ka sauke gilasan duka."

Da safe na fito da motar Kawu, na sauke gilasai huɗu. Ya tsaya a bakin ƙofar motar ya kai minti guda yana riƙe da mariƙin, sannan ya shiga ya zauna a gaba. Muka kama hanyar maƙabarta a hankali. Ba mu yi nisa ba ya karkata kai yana sauraron injin da kunnensa mai lafiya.

"Canza giya," ya ce. "Kana wahalar da ita."

Na canza.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya saka masa da alheri a kan kowace ƙofa da ya tsaya a bakinta saboda mu. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa shi a addu'a, ya sa ɗansa ma.